Asirin da Aka Binne a Gidan Hajiya Yalwa

Akwai wata a cikinku, yanzu haka waya na hannunta tana karanta wannan rubutun, ita ce dilar ƙwayar ɗanta.

Ba ta tsayawa a lungu. Ba ta san kowane ɗan daba ba. Hijabinta har ƙasa, carbinta ba ya barin hannu, a islamiyya ita ce a sahun gaba.

Amma ita ce.

Kar ki yi saurin zagina. Karanta tukuna. In kin kai ƙarshe sai ki zage ni da hujja.

Wata rana, kwana biyu bayan suna, aka kawo wa Hajiya Yalwa 'yar autarta Rumasa'u wankan gida.

Haihuwar fari ce. Namiji. Aka mayar masa da sunan marigayi mijin Hajiya, ana kiransa Khalifa.

Yaron nan tun da ya faɗo duniya bai rufe baki ba. Kuka da safe, kuka da rana, jiki na ɓari kamar mazari. Dangin ubansa sun yi tofi, sun yi hayaƙi, sun lasa masa dabino. Duk a banza.

Yana kwana uku a gidan Hajiya Yalwa, ya yi tsit.

Hajiya ta samu abin faɗa.

"Kun gani ko? Gidan can ne bai karɓe shi ba. Maigidana ya dawo ɗakinsa, hankalinsa ya kwanta."

Masu zuwa barka suna ɗaga shi suna juyawa, ko motsi. Sai ka ji ana cewa, wannan yaro akwai haƙuri. Wata ta ce Allah Ya ba ta irinsa, nata ya hana ta runtsawa wata uku.

Hajiya tana murmushi, tana zuba musu kunun kanwa.

Uwar yaron kuwa tana kan gado, ido rabi a buɗe. Ka gaishe ta, sai ka gama zama kafin amsar ta fito, kalma na jan kalma kamar ana ciro guga daga rijiya mai zurfi. Kununta ya huce a kofi. Gasasshen namanta ya bushe a faranti.

"Jego ne," in ji Hajiya. "Haihuwar fari ba wasa ba ce."

To bari in gaya muku abin da masu barka ba su sani ba.

Shekara uku ke nan da Hajiya ta ɗaga katifar Rumasa'u za ta shanya, ta tarar da kwalabe a jere. Maganin tari, mai kodin ɗin nan. Yarinyar kuwa rabonta da tari tun tana makarantar kwana.

Ran nan Hajiya ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi barazanar tsinuwa. Rumasa'u ta rantse ta daina.

Bayan kwana biyu jikinta ya kama rawa. Zufa, hamma, amai, ihu, jifa da duk abin da hannunta ya kai gare shi. Katangar gidan gajeriya ce, kuma maƙwabciya tana da kunne.

Hajiya ta saka niƙabi, abin da ba ta taɓa sakawa ba. Ta hau a-daidaita-sahu ta tsallake unguwa uku, ta shiga wani kemis da ba a san ta ba, ta yi tarin ƙarya sau biyu a gaban mai shagon.

Ta dawo da kwalba ɗaya. Gida ya yi shiru.

Ta ce wa ranta, na yau ne kawai, kafin in samo mafita. Kuma ai magani ne, ba giya ba ce.

Na yau ɗin nan shi ya shekara uku.

Ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba. Ko a zuciyarta ba ta cewa shaye-shaye. Sunansa lalura.

Da dangin Nafi'u, mai neman Rumasa'u, suka zo binciken aure, Hajiya ta dafa ƙirji ta ce 'yarta ko goro ba ta ci. Aka ɗaura. Bayan an kai amarya, duk ziyarar da Hajiya za ta kai, akwai ƙullin da ba a buɗewa a gaban miji.

Kwalaben da aka shanye kuwa, ba ta taɓa zuba su a bola ba. 'Yan jari-bola suna da ido, suna kuma da baki. Ta san inda take kai su.

A gidan miji, da dangi suka cika ɗaki saboda haihuwa, abin ya yi wa Rumasa'u wuyar samu. Da ta dawo gaban uwarta kuwa, sai ta faɗa gonarta. Kwalba ɗaya ta koma biyu. Biyu ta fara leƙen uku.

Yanzu ku tambaye ni: Hajiya ta san 'yarta tana sha?

Ta sani sarai.

Abin da ta ƙi yarda da shi, shi ne a ce haka kawai 'yar da ta haifa, ta yi wa tarbiyya, ta sauke Alƙur'ani, za ta kama kwalba. Ina. Akwai hannu a ciki. Wani ne ya jefe ta. Asiri aka yi mata.

Daga nan kowa ya zama abin zargi.

Ta farko uwar miji, Hajiya Marka. Matar nan duk Juma'a sai ta zo da kwanon ƙauri da ƙullin yaji. Ba ta da yawan magana. Sai ta zauna ta zuba wa Rumasa'u ido, ta daɗe tana kallo, ta dubi jariri, ta yi ajiyar zuciya.

Kallon me take yi? Dubawa take ta ga ko aikin ya ci?

Tana fita, Hajiya Yalwa za ta juye ƙaurin a kwata. Yajin kuma ta watsa a murhu, gida ya ɗauki atishawa.

Ta biyu maƙwabciya, mai 'yan mata uku a ɗaki babu mashinshini. Ranar bikin Rumasa'u dariyarta ta yi yawa. Mai baƙin ciki ne kaɗai ke dariya har a ga dasashi.

Ta uku wata ƙawar Rumasa'u da ta kawo turaren wuta. Turaren nan ƙamshinsa wani iri ne. An jefa shi a masai.

Hatta kazar maƙwabta da ta tsallako tana tono a tsakar gida sai da Hajiya ta bi ta da kallo. Me take tonowa? Wa ya aiko ta?

Shi kuwa Nafi'u, mijin, tela ne, mutum mai kunya. Yana tashi daga shago da la'asar zai biyo da ledar lemo da tsire, ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa.

"Umma, ya mai jiki? Jiya na kira ta, muryarta kamar ba tata ba."

"Gajiya ce, ɗan nan. Yanzu ma ta samu barci. Kawo saƙon, in ta tashi zan ce ka zo."

"Ko yaron ne in gani."

Sai a miƙo masa Khalifa a naɗe cikin tawul, ya riƙe, ya kira sunansa, ya taɓa kumatunsa. Yaro ko gezau.

"Barci ne da shi," in ji Hajiya. "Ka gode wa Allah."

Sai ya gode, ya tafi.

Mutum ɗaya ce Hajiya ta rasa yadda za ta yi da ita. Iya Tabawa, unguwarzoma.

Tsohuwar nan ita ta yanke cibiyar Rumasa'u. Ita ta yi wa Hajiya Yalwa kanta wankan jego har sau shida. Safe da yamma take zuwa, ta hura wuta a bayan madafi, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta yi wa mai jego wanka, sannan ta wanke jariri. A garin nan ita kaɗai ke kiran Hajiya da sunanta tsirara.

Wata safiya tana goge yaron ta ce, "Yalwa, ɗan nan ko ruwa ya taɓa shi ba ya kuka."

"Haƙuri ne, Iya. Gadon mai sunansa."

"Wane mai sunan? Marigayin da na sani? Wanda ake jiyo faɗansa daga bakin masallaci in miya ta yi gishiri?"

Hajiya ba ta yi dariya ba.

"Kuma kamun nononsa ba ƙarfi," in ji Iya. "Ya ja biyu, ya saki. Ita kuma uwar, jiya ina watsa mata ruwan zafi tana gyangyaɗi. Shekarata arba'in ina wannan aiki, ban taɓa ganin wadda ruwan jego ya sa barci ba."

"Iya, wanka aka kira ki ki yi ko bincike?"

Iya Tabawa ta ɗago ta dube ta. Ta ce, "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as." Ta ci gaba da shafa wa yaro mai.

Daga ran nan ita ma ta shiga jerin. To wa ya fi ta shiga lungun gidan? Wa ya sani ko an saye ta?

Washegari Hajiya ta nufi wurin wani mai duba da aka yi mata kwatancensa a bayan gari. Irin waɗanda maganarsu ɗaya ce ga kowa, mai shigowa ne kawai ke canzawa.

Ya zana ƙasa, ya share. Ya sake zanawa, ya girgiza kai.

"Hajiya, an binne abu a gidanki."

Ta matso.

"Mace ce ta binne. Ba fara ba ce, ba baƙa ba ce. Tana shiga gidan tana fita yadda ta ga dama. Kuma kin yarda da ita kamar ranki."

Hajiya ta fara lissafi. Hajiya Marka wankan tarwaɗa ce. Maƙwabciya ma haka. Iya Tabawa ma haka.

Akwai madubi a ɗakinta, amma lissafin bai biya ta wurinsa ba.

Ya ba ta rubutu da garin hayaƙi, ya ce ta nemo abin a tono, in ba haka ba aikin zai ci gaba da ci.

Ta dawo ta ɗauki fartanya. Ta tona dokin ƙofa. Ta tona gindin randa. Ta tona ƙarƙashin bishiyar zogale. Tana neman laya, ko ƙaho, ko ƙullin gashi.

Ba ta samu komai ba sai tsohuwar ƙusa da murfin kwano.

Wuri ɗaya ne a gidan ba ta kai fartanya ba. Ba mantawa ta yi ba. Ƙafarta ce ta ƙi zuwa.

Ta yanke shawara: Juma'ar nan in Hajiya Marka ta zo da kwanonta, za a yi ta ta ƙare. Za ta tsare ta ta faɗi inda ta binne.

Juma'ar ba ta jira ta ba.

Ranar Alhamis da hantsi, kwana ashirin da shida da haihuwa, Iya Tabawa ta gama da mai jego, ta shiga ɗaki ɗauko jariri.

Ta ɗaga shi, hannunsa ya saki kamar tsumma.

Ta mintsini tafin ƙafarsa. Shiru. Ta duba leɓensa, ya fara komawa launin toka. Ta kara kunne a ƙirjinsa: numfashi ɗaya, sai a jira, a jira, sannan wani ya biyo.

"Yaushe rabonsa da nono?"

Rumasa'u ta buɗe ido da ƙyar. "Jiya... ko shekaranjiya... ya sha dai."

Hajiya Yalwa ta shigo, ta gani, ta ɗora hannu a ka. "Sun gama da uwar, sun koma kan ɗan." Ta juya da sauri tana laluben garin hayaƙi da kasko.

Iya Tabawa ta saɓa yaron a kafaɗa. Da ɗayan hannun ta damƙi tsintsiyar hannun Hajiya. Ba ka ce tsohuwa ce ba.

"Ajiye kaskon nan. Asibiti za mu. Amma taku goma ne, zo ki ga abin da kike nema."

Ta ja ta bayan madafi.

Nan ne ake wankan. Kwana da kwanaki ruwan zafi na kwarara safe da yamma, yana bin gangare zuwa kusurwar katanga, yana tafiya da ƙasa kaɗan-kaɗan.

A kusurwar, bakunan kwalabe sun leƙo daga cikin laka, kamar kawunan kwaɗi bayan ruwan sama. Wasu sun fito har wuya. Wasu takardar jikinsu ba ta ma gama ruɓewa ba.

Hajiya ta tsaya. Bakinta ya ci gaba da abin da ya saba.

"Iya, asiri aka yi mana."

"Na yarda. Ga shi nan an binne. Wa ya binne?"

Iya ta ci gaba. "Yalwa, asirin binnewa ban gan shi a gidan nan ba. Na rufewa na gani, kuma shi ke cin jikanki. Abin da uwa ta sha, shi ɗa ke tsotsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta sunkuya ta zaro kwalba ɗaya da lakarta, ta cusa a jakar Hajiya.

"Riƙe. Za a tambaye ki."

Mace. Ba fara ba, ba baƙa ba. Tana shiga tana fita. Kin yarda da ita kamar ranki.

A cikin a-daidaita-sahu maganar nan ta yi ta juyawa a kan Hajiya. Iya ta karɓi wayar Rumasa'u ta sa aka kira Nafi'u. Kafin su isa, yana bakin ƙofar asibitin da zaren ɗinki a jikin rigarsa, mahaifiyarsa na bayansa.

Aka karɓi yaron da gudu, aka ɗora masa abin numfashi. Likitar mace ce, ba ta da lokacin gaisuwa. Ta buɗe idon jaririn ta haska, ta juyo.

"An ba shi wani abu? Jiƙo, rubutu, maganin barci?"

"A'a," in ji Nafi'u.

"Nono kawai yake sha?"

"Nono kawai."

"To uwar fa? Tana shan wani magani? Ku gaya min gaskiya yanzu, don abin da zan ba shi ya danganta da amsar."



Rumasa'u tana jingine da bango. Maganar ta ratsa mayen, ta ɗago ta dubi uwarta. Ta girgiza kai a hankali, yadda ba wanda zai lura sai wadda ta haife ta.

Ga suruki. Ga uwar miji, wadda aka dafa wa ƙirji aka ce ko goro. Ga ma'aikata biyu 'yan gari, waɗanda kafin magariba za su kai labari kasuwa.

Amsar tana kan harshen Hajiya a shirye, ta sha amfani har ta yi santsi: kunun kanwa ne kawai, likita.

Ta dubi gadon. Ƙirjin yaron ya ɗaga. Ta jira na biyu.

Ta jira.

Hannunta ya shiga jaka. Ta ajiye kwalbar a kan teburin likita, laka na zuba a kan takardu.

"Wannan take sha. Biyu a rana, wani lokaci uku. Shekara uku ke nan. Ni nake sayo mata."

Likitar ba ta yi mata wa'azi ba. Ta karanta jikin kwalbar, ta kira sunan wata allura, ma'aikaciya ta ruga.

Aka fitar da su waje.

A kan bencin da ke bakin ƙofa ba wanda ya dubi wani. Nafi'u ya juya musu baya yana fuskantar bango. Can ya yi magana, bai ɗaga murya ba, kuma karon farko a rayuwarsa bai durƙusa ba.

"Umma, kullum ina zuwa zaure. Kullum kina miƙo min shi kina cewa in gode wa Allah."



Sai ga wani sauti daga cikin ɗakin. Siriri da farko, kamar na mage. Sannan ya buɗe. Kuka na gaske, mai tsaga kunne, mai cike da fushi.

Iya Tabawa ta sauke numfashi. "Yauwa. Yanzu na ji muryar marigayi."

Da likitar ta fito ta ce yaron zai kwana biyu a hannunsu, don shi ma jikinsa ya saba da abin, sai an bi a hankali. Kukan da ya yi ta yi a satin farko ma, in ji ta, ba gida ne bai karɓe shi ba, abin da ya saba samu tun yana ciki yake nema. Ta dubi Hajiya ta ce, "Da kin ɓoye, da muna nan muna neman zazzaɓi har lokaci ya ƙure."

Wadda ta matso kusa da Hajiya Yalwa a bencin nan, ta miƙa mata ruwa, kun san ko wace ce?

Hajiya Marka.

"Ni tun ranar suna na ga alama," in ji ta. "Ɗan ƙanwata haka ya fara. Duk Juma'a ina zuwa da niyyar in yi miki magana, sai in tarar kin haɗe rai, in koma da abina. Na ce kar a ce uwar miji ta fara."

Wannan shi ne kallon. Wannan ita ce ajiyar zuciyar. Ƙauri kwano biyu ya tafi kwata a kan haka.

Aka kwantar da Rumasa'u a sashen masu fama da shaye-shaye. Likitoci suka ce ba a yanke irin wannan da ƙarfin tuwo a ɗaki a kulle ƙofa, akwai yadda ake saukar da mutum. Hajiya ce ta yi jinya.

Kwana na uku, da azahar, jiki ya ɗauki rawa. Rumasa'u ta riƙo gefen hijabin uwarta.

"Umma, rabin murfi. Rabi kawai. Kin san wurin. Ba wanda zai sani."

"A'a."

"Ba kya ƙaunata."

"Irin waccan ƙaunar na daina, Auta. Ga ni nan, ba inda za ni. Ki yi amai in kwashe, ki zage ni in ji. Amma ƙafata ta bar zuwa kemis."

Rumasa'u ta saki hijabin, ta juya fuska bango.

"Kin tona min asiri. A gaban mijina. A gaban uwarsa."

"Na tona," in ji Hajiya. "Da na bar shi a binne, da Khalifa aka binne."

Ba zan yi muku ƙaryar cewa komai ya dawo daidai ba. Wannan sai a tatsuniya.

Unguwa ta yi magana. Ta yi sati biyu cur tana yi, har wata ta rasa awakinta aka koma can.

Nafi'u bai aiko da takarda ba, bai kuma ce ta koma ba tukuna. Yana zuwa, amma yanzu ba ya tsayawa a zaure. Har ɗaki yake shiga ya gani da idonsa, kuma Hajiya da kanta ke ɗaga masa labule.

Bayan wata huɗu Rumasa'u ta zame sau ɗaya. Hajiya ta tsinci kwalba a cikin hannun riga. Ta tsaya da ita a tsakar gida, ta dubi kusurwar bayan madafi, ta dubi fartanya.

Sannan ta ɗauki waya ta kira likita. Ta kashe, ta kira mijin.

Ramin kuwa an kwashe shi da rana tsaka, ƙofa a buɗe, buhu biyu da rabi. Iya Tabawa ta shuka barkono a wurin.

Khalifa yanzu in ya buɗe baki har layi na biyu ana ji. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, a rarrashi maigidan nan mana, ya hana mu sakat."

Hajiya ta ce, "Bar shi. Mun gwada shirun."

Darasi:

Mun iya neman wanda ya yi wa ɗanmu asiri. Mun iya zargin aboki, da maƙwabci, da suruka, da mai kemis. Wasunsu da laifinsu, ban wanke kowa ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wa ke kiran wurin aikinsa ya ce zazzaɓi yake yi, alhali yana ɗaki a buge? Wa ke rugawa ya fito da shi daga hannun hukuma kafin maƙwabta su ji, sau ɗaya, sau biyu, sau biyar? Wa ke cewa gara in ba shi da ya je ya yi sata? Wa ya ce a yi masa aure zai shiryu, aka jawo 'yar mutane aka ɗaura mata?

Rufin asiri abu ne mai kyau, addini ma ya yi umarni da shi. Amma ana rufa wa mutum asiri ne daga 'yan gulma, ba daga likita ba. Ba daga matar da ke kwana da shi ba. Ba daga mijin da ke riƙe da jaririn ba. Wanda ya rufe gyambo da zani, ƙuda kawai ya kora, ruɓa tana nan tana aikinta.

Ban ce ku kore shi ba. Ban ce ku ɗaure shi a turu ku yi ta jibga ba. Ku kira abin da sunansa. Ku janye hannu daga saye da ƙarya da share fage. Ku haɗa baki a gidan, kar uba ya hana uwa ta miƙa ta bayan ƙofa. Ku kai shi wurin masu sanin abin, ku zauna kusa da shi yana zaginku. Zagin zai wuce. Kabari ba ya wucewa.

Tura wannan cikin zauren danginku na waya. Wadda aka yi domin ta ba za ta ce komai ba, amma za ta karanta har ƙarshe.

Ke kuma da na fara da ke, har yanzu kina nan, na sani. Naki ramin wataƙila ba a bayan madafi yake ba. Yana ƙarƙashin gado, ko cikin jaka, ko a kan harshenki.

In ƙarya na yi miki, tashi ki je ki duba.

Sannan ki dawo nan ƙasa, a gaban kowa, ki rubuta cewa babu komai a binne.